Kalmar “impact”: ma'anarta, asalinta, da inda ya dace a sa ta

Wata ɗaliba da ke ajin ƙarshe a jami'a ta aiko da tambaya. Tana rubuta kundin kammala digiri a kan yadda cire tallafin man fetur ya shafi ƙananan 'yan kasuwa. Taken kundin ya fara da “The impact of”, kuma malamin da ke duba aikin bai ce uffan a kan taken ba. Amma duk inda ta rubuta “impacted” a cikin aikin sai ya ja masa jan biro, ya rubuta “affected” a samansa. Tana son sanin ainihin ma'anar kalmar, daga ina ta fito, kuma shin malamin yana da gaskiya ko tsohon yayi ne kawai yake damunsa.

Ƙanwata, idan hujjar malaminki ita ce wai impact suna ce kawai, ba a mai da ita aikatau, to tarihi ba ya bayansa, domin a matsayin aikatau ta fara shiga Turanci. Amma jan biron nasa bai faɗi ƙasa banza ba. Akwai matsala ta gaske a cikin “impacted”, sai dai ba ta nahawu ba ce, kuma “affected” ɗin da ya ba ki ba ta gama magance ta ba. Sai mun bi kalmar tun daga tushe kafin ki ga inda gizo ke saƙar.

Tushenta Latin ne, harshen Rumawan da. Suna da aikatau “pangere”, ma'anarsa a kafa abu, a buga shi ya shiga ya zauna daram. Ki tuna turken ɗaure akuya: a fiƙe bakinsa, a dafa shi a ƙasa, a yi ta dukansa da dutse har ya nutse, ya zama ko akuyar ta kwana tana fizga ba zai tumɓuke ba. Wannan aikin shi ne pangere. Akwai duka a cikinsa, akwai kuma zama daram bayan dukan. Duk tarihin impact a Turanci kai-komo ne tsakanin waɗannan biyun.

Da Rumawa suka liƙa masa “in” a gaba, wato ciki ko a kan, sai harafin n ya koma m saboda p da ke biye da shi, wasalin a kuma ya koma i, aka sami “impingere”, wato a tura abu cikin wani ko a maka shi a kan wani. Sigar aikataun da ke nuna an riga an gama aikin ita ce “impactus”, abin da aka cusa, aka danne. Turanci ya ɗiba daga ɓangarorin biyu. Daga impingere ya sami “impinge”, daga impactus kuma ya sami impact.

Dangin kalmar suna da yawa, kuma kin san wasunsu ba tare da kin san 'yan gida ɗaya ba ne. “Compact”, abin da aka matse wuri guda, daga nan yake. “Pact”, yarjejeniya, da “peace”, zaman lafiya, duk daga saiwa ɗaya suke da pangere, domin a wurin Rumawa zaman lafiya abu ne da ake ƙullawa a kafa tsakanin ɓangarori biyu. Har ma akwai wata 'yar gidan da ta shigo Hausa ta zauna, wato farfaganda. Manomin inabi a ƙasar Rum yakan lanƙwaso reshe ya danne shi cikin ƙasa don ya yi saiwa ya zama sabon tsiro, wannan shi ne “propagare”, yaɗa iri. A 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa majalisar yaɗa addinin Katolika, sunanta na Latin yana ɗauke da kalmar propaganda, daga nan kalmar ta bi duniya har ta lalace ta zama yaɗa ƙarya. Wannan ratse ne, mu koma kan hanya.

Wajen shekara ta 1600 aka fara ganin impact a rubutun Turanci, kuma aikatau ce, ma'anarta a cusa abu a danne shi cikin wani har ya maƙale. Babu maganar karo a ciki, balle maganar tasiri. Wannan tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, tana nan da ranta a asibiti. Haƙorin nan na can ƙurya, na ƙarshen fitowa, wanda yakan ɓullo tsakanin shekara 17 zuwa 25, wani lokaci ba ya samun wuri a muƙamuƙi. Idan likitan haƙori ya ɗaga hoton da aka ɗauka ya haska, za ki ga haƙorin a kwance ko a karkace cikin ƙashi, kansa ya tokare jikin na gabansa, dasashi ya rufe rabinsa, abinci yana maƙalewa a ƙarƙashin fatar yana kumbura wurin. Sunansa a takardar likita “impacted tooth”. Ba wanda ya buge shi, ba kuma wanda ya yi masa tasiri. Maƙalewa ya yi. Haka likitoci suke cewa game da bayan gida da ya taurare ya toshe hanji, da dauɗar kunne da ta cushe, da karayar da ƙashi ɗaya ya nutse cikin ɗan'uwansa. Wannan ne ya sa tsofaffin editocin Turanci suke yi wa masu cewa “I was impacted” ba'a, suna cewa a kai su asibiti a duba musu hanji.

Impact a matsayin suna kuwa ta zo daga baya, a ƙarni na 18, lokacin da masu nazarin motsin abubuwa suke ta lissafin abin da ke faruwa idan jiki ya yi karo da jiki. Su ne suka buƙaci kalma ga wannan ɗan lokacin da abu biyu suka haɗu da ƙarfi. A kimiyya har yau ma'anarta ke nan, ƙarfi mai yawa a cikin lokaci ƙanƙani. Gajartar lokacin ita ce jigon maganar. Idan kika jingina hannu a bango kika tura, wannan dannawa ce. Idan kika kai wa bangon naushi, wannan impact ne. Hular kwanon mai babur da gaban motar zamani da aka ƙera don ya lotse duk aikinsu ɗaya, su tsawaita lokacin karon ko da da ƙiftawar ido ne, don ƙarfin da zai isa jikin mutum ya ragu. Idan kin taɓa tsayawa a garejin da ke da injin kwance notin taya mai aiki da iska, kin ji wannan ƙarar ta ta-ta-ta-ta kafin notin ya saki. A cikin injin akwai 'yar guduma da ke juyawa tana kai wa ƙarfen da ke riƙe da notin bugu a jere, shi ya sa notin da ya gagari sifana da ƙafar yaron gareji yake kwancewa nan take. Sunan injin a Turanci “impact wrench”, kuma sunan ya dace da shi ɗari bisa ɗari.

Mafi girman wannan ma'anar tana wurin masu nazarin sararin samaniya. Tafkin Bosumtwi da ke kudu maso gabashin Kumasi a Gana yana kwance ne cikin ramin da wani dutse daga sama ya haƙa kimanin shekara miliyan ɗaya da suka wuce, faɗin ramin ya kai kilomita 10 da ɗoriya. A yankin Yucatán na ƙasar Meziko akwai na Chicxulub, mai faɗin kusan kilomita 180, wanda dutse mai faɗin wajen kilomita 10 ya bari shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma akasarin masana suna danganta shi da ƙarewar manyan dabbobin nan da ake kira dinosaur. Irin waɗannan ramuka “impact crater” ake ce musu. Mu ma mun sami ɗan rabonmu. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin lardin Katsina, kusa da wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa, ya nutse cikin ƙasa. Daga baya bincike ya nuna ɓallin duniyar Mars ne. Duk wanda yake son ya ji nauyin kalmar a kunnen Bature, ya tsaya a matsayin manomin nan lokacin da ƙasa ta girgiza a gefensa.

Daga karo na zahiri zuwa karo na zuci taki ɗaya ne. Ƙamus-ƙamus na tarihin Turanci suna kawo misalin farko na wannan daga mawaƙin Ingila Samuel Taylor Coleridge a 1817, inda ya yi amfani da kalmar ga yadda abu yake bugun tunanin mutum. A wancan zamani aron yana da rai. Wanda ya ce labari ya yi masa impact yana nufin labarin ya doke shi kamar yadda dutse ke dukan dutse. Ba kowane tasiri ake kira da wannan suna ba, sai mai ƙarfi, mai zuwa bagatatan, mai barin gurbi.

A ƙarni na 20 aikataun ya sake dawowa, amma wannan karon daga sunan aka sake ƙera shi. Da farko ana nufin abu ya bugi abu, kamar harsashi ko makami mai linzami ya faɗa kan wuri. Wajen shekarun 1930 aka fara ganinsa da ma'anar yin tasiri mai ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya cika bakin ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da sojoji a Amurka, daga nan rigima ta tashi. Malaman makaranta da editocin jaridu suka ce wannan Turancin ofis ne, mummuna ne, an ɗauki suna an tilasta masa aikin aikatau. Ƙamus ɗin American Heritage yana da kwamitin marubuta da masana da yake tuntuɓa a kan irin waɗannan kalmomi, kuma a tambayar da aka yi musu a 2001 mafi rinjayensu sun ƙi amincewa da ita. Da aka sake tambayarsu bayan shekaru, masu ƙin sun ragu sosai. Malaminki, ga dukkan alamu, ya yi karatu a hannun mutanen da suka tashi cikin wannan ƙiyayyar, kuma abin da aka koya wa mutum da bulala ba ya saurin barinsa.

Hujjar cewa ba a mai da suna aikatau ba ta da ƙafa. Turanci kullum yana yin haka, “contact” da “access” da “host” duk an yi musu irin wannan tsangwama a da, yau ba mai ɗaga kai. Wani abin da ya ƙara wa impact kasuwa shi ne tsoro. Masu rubutu da yawa, har da waɗanda Turanci ne harshen uwarsu, suna rikita “affect” da “effect”. Ta farko galibi aikatau ce, ta biyu galibi suna, amma kowace tana da wata ma'ana ta daban da ke saɓa wannan ƙa'ida, ga shi kuma a baki kusan sautinsu ɗaya. Impact kuwa tana aiki a wuri biyun da rubutu iri ɗaya. Wanda ba ya son a kama shi da kuskure sai ya fake a bayanta.

Sai kuma hukumomi suka ba ta kujera. Ranar 1 ga Janairu 1970 shugaban Amurka Richard Nixon ya sa hannu a dokar muhalli da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta bayanin abin da babban aiki zai jawo wa muhalli kafin a fara shi. Ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. A Najeriya, bayan abin kunyar garin Koko a 1988, inda aka jibge shara mai guba daga Italiya, an kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar, sannan a 1992 aka yi doka mai lamba 86 da ta wajabta binciken abin da aiki zai jawo wa muhalli, wanda ake taƙaitawa da EIA, kafin a gina madatsar ruwa ko masana'anta ko babbar hanya. Harafin tsakiya na wannan taƙaitawa impact ne. A jami'a kuma akwai “impact factor”, ma'aunin darajar mujallun ilimi da wani masani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya fara kawo tunaninsa a 1955, aka fara fitar da jadawalinsa na shekara-shekara a tsakiyar shekarun 1970. Lissafinsa ba wuya. A ce wata mujalla ta buga maƙala 100 a shekaru biyu da suka gabata, a bana kuma aka ambaci waɗannan maƙalu sau 250 a wasu rubuce-rubucen, makinta 2.5 ke nan. Malaminki ya san wannan sarai, domin ƙarin girmansa yana rataye da shi. Ki lura ma'aunin ba ya cewa maƙalar ta canza rayuwar kowa, ƙidayar ambato kawai yake yi, ko da masu ambaton ƙaryata ta suke.

Ƙungiyoyin ba da agaji su ne suka fi kowa ba kalmar ma'ana tsayayya, kuma ya kamata ki san ta tunda bincikenki yana kusa da fagensu. Suna bambanta matakai. An haƙa rijiyar burtsatse a ƙauye, wannan “output” ne, abin da aikin ya haifar kai tsaye. Mutanen ƙauyen sun daina shan ruwan kududdufi, wannan “outcome” ne, canjin hali. Bayan shekaru gudawa ta ragu a tsakanin yara, 'yan mata da ke kwana a hanyar rafi sun sami zuwa makaranta, wannan shi ne impact a wurinsu, canji mai nisa mai ɗorewa. Abin dariyar shi ne wannan ma'ana ta juya wa ta kimiyya baya gaba ɗaya. Can ana nufin abin da ya faru cikin ƙiftawar ido, nan ana nufin abin da sai an yi shekaru kafin a gan shi. Amma idan kin tuna pangere za ki ga ba a bar gida ba, ɗaya ya riƙi dukan, ɗaya ya riƙi zama daram.

Yanzu ga matsalar da na ce akwai. Kalmar ta sha jiki. Saboda kowa yana son aikinsa ya yi kama da mai nauyi, sai aka riƙa liƙa ta ga komai, har ta zama taron bita na yini ɗaya ma yana da impact. Mafi muni kuma, ba ta faɗin alkibla. Ɗauki jimla irin wadda nake zaton tana cikin kundinki: “The removal of fuel subsidy impacted small traders.” Me mai karatu ya ƙaru da shi? An ce cire tallafi ya taɓa 'yan kasuwa. Ta ina? Riba ta ragu ko ta ƙaru? Wa ya rufe shago? Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabin rantsar da shi ranar 29 ga Mayu 2023, cikin kwanaki kaɗan litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Mai sayar da ƙanƙara da ke dogara da janareta, da mai kayan miya da ke biyan kuɗin mota daga kasuwar ƙauye, da mai cajin waya, da mai sayar da iccen girki, ba abu ɗaya ya same su ba, wataƙila ma wani cikinsu ciniki ya ƙaru masa. Kalma ɗaya ta rufe duk wannan. Idan kika bi malaminki kika sa “affected”, kin tsira daga jan biro, amma jimlar tana nan ba ta ce komai ba. Gyaran gaskiya shi ne ki nemo aikataun da ke faɗin abin da ya faru, irin su “raised”, “cut”, “doubled”, “closed”, “delayed”. Ki ce kuɗin dakon kaya ya ninka, ki ce kaza daga cikin waɗanda kika tambaya sun rage ma'aikata. Duk inda kika ga kin kasa maye gurbin “impacted” da aikatau mai alkibla, to alama ce ba ki gama gano abin da bincikenki ya nuna a wurin ba, kuma gara ki gano haka da kanki kafin ranar kare kundi.

Masu fassara zuwa Hausa suna fama da wannan fiye da kowa, domin an saba da zarar an ga impact sai a ce tasiri. Tasiri daga Larabci take, daga saiwar da ta ba da “athar”, wato sawu ko alamar da abu ya bari bayan ya wuce. Kalmar Turancin tana kallon bugun, tamu tana kallon gurbin da ya rage. Sau da yawa suna haɗuwa, amma ba kullum ba. Idan rahoton haɗari ya ce direba ya mutu “on impact”, ba za ki ce ya mutu a kan tasiri ba, cewa za ki yi nan take ya cika da motar ta yi karo. Idan ana maganar abin da ambaliya ta yi wa gonaki, ɓarna ce ko illa, Bahaushe ba ya cewa ambaliya ta yi tasiri a gonarsa sai dai in rediyo ta koya masa. Idan malami ne ya canza rayuwar ɗalibi, nan tasiri ta zauna daidai. Idan doka ce za ta hau kan wasu mutane, sai a ce za ta shafe su. Idan bincike ne na EIA, abin da ake nufi shi ne duba abin da aikin zai jawo wa muhalli. Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓi ɓangare, alheri ne ko sharri, duka ne ko shafa, kuma wannan tilas ɗin gata ne. Dabarar da nake ba ɗalibai ita ce su faɗi jimlar da Hausa tukuna, kamar suna yi wa kakarsu bayani. Aikataun da ya fito daga bakinsu a Hausa, shi za su nema a Turanci.

'Yan'uwanmu na Nijar da ke aiki da Faransanci su ma ba su tsira ba. Sunan impact yana nan a Faransanci da daɗewa, amma aikataun “impacter” sabon shiga ne da ya biyo iskar Turanci, kuma Majalisar Harshen Faransanci da ke Paris ta fito fili ta ce a guje shi. Ma'aikatan ofis a Yamai da Paris ba su fasa faɗinsa ba.

Ga abin da ya shafi amfani da ita a aikace. A matsayin suna ba mai yi miki faɗa, shi ya sa malaminki ya bar taken kundinki. Ana cewa “have an impact on” ko “make an impact on”, kuma ƙaramar kalmar da ke bin ta “on” ce. Na sha ganin “impact to” da “impact in” a rubutun ɗalibai inda “on” ake nufi. “In” tana shiga ne kawai idan wuri ake nufi, kamar a ce wani ya yi tasiri a cikin wani gari. A matsayin aikatau akwai hanya biyu, a sa abin da aka shafa kai tsaye bayanta ko a sa “on” tsakani. Ta farko ta fi yawa a Amurka, ta biyu an fi jin ta a Birtaniya da ƙasashen da suka gaji Turancinta, kuma masu ƙin kalmar ba su bar ko ɗaya ba. A furuci, suna yana ɗaukar nauyin murya a gaɓar farko, aikatau kuma bisa al'ada a gaɓa ta biyu, kamar yadda ake yi da “export” da “record”, ko da yake da yawa yanzu suna furta su iri ɗaya. Akwai kuma sifa “impactful”, wadda ta yaɗu daga tsakiyar ƙarni na 20 ta bakin masu talla. Tana cikin ƙamus, ba kuskure ba ce, amma ita ce aka fi tsana a duk gidan. Ni ba zan sa ta a kundin digiri ba, “powerful” ko “effective” ko “influential” sun ishe ki.

To yaushe zan bar ki ki rubuta “impacted” ba tare da na ɗaga gira ba? Idan abin ya zo da ƙarfi, ya zo kwatsam, ya bar gurbi, kuma jimlar da ke biye ta faɗi irin gurbin. Tashin farashin fetur na 2023 ya cancanci kalmar, in dai sau ɗaya kika yi amfani da ita a inda ta fi nauyi. Abin da ke kashe ta shi ne a gan ta sau biyar a shafi ɗaya. Tunda kuma malamin nan shi zai sa hannu a kundin, kada ki ja da shi a kan kalma ɗaya. Ki cire ta inda ya ja, ki sa aikatau mai faɗin magana, ba zai sami abin ja ba.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi duk waɗannan yawa a Najeriya, kuma shi kuskure ne na gaske, ba saɓanin ra'ayi ba. Za ki ji a taron yaye ɗalibai ana gode wa malamai saboda sun yi “impact knowledge”. Kalmar da ake nufi ita ce “impart”, a ba wani rabo daga abin da kake da shi, daga kalmar Latin “pars”, kashi ko rabo, wadda ta ba da “part”. Ba dangin impact ba ce ko kusa. Abin da ya haɗa su baki ne. A Turancin da muka gada daga Birtaniya ba a furta r ɗin impart, mu kuma mukan haɗiye sautin k na impact saboda haɗuwar baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma tana yi mana nauyi, sai su biyun su fito kusan iri ɗaya, daga kunne kuma kuskuren ya gangara zuwa takarda. Malami yana iya yin “impart knowledge to students”, yana kuma iya “have an impact on students”. Ki duba shafin godiya na kundinki da kyau, domin a nan wannan kuskuren ya fi ɓuya, kuma shi ne shafin da masu duba aiki suka fi tsallakewa.